Masu Gyaran Haƙoran Ƙarfe a Kokoro

A manyan rumfunan walda da garejojin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, injin huda ƙarfe na tsaye yakan zauna can a kusurwa, inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Gindi ne mai nauyi a ƙasa, da ginshiƙin ƙarfe a tsaye, da kai a sama ɗauke da moto da bel, sai tebur a tsakiya inda ake ɗora abin da za a huda. Da shi ake huda ƙarafan ƙyaure da na taga, da sifirin manyan motoci, da ƙafafun amalanken da ke jigilar itace da buhuna a cikin gari, da farantan injin niƙan rogo, wanda garinsa shi ne abincin yau da kullum a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Maigidan rumfa yakan sa ido a kan moto, yakan sauya bel tun bai tsinke ba, yakan ɓoye bakunan huda a aljihunsa don kada yara su karya. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ɗan hannun nan da ke gefen tebur, wanda ake murzawa tebur ya hau ko ya sauka, sai ranar da aka murza shi ya yi ta juyawa a banza.

Mai kallo daga waje zai ce ai wannan ƙaramar matsala ce, tunda injin yana tashi, bakin yana juyawa. Amma bakin huda ba ya sauka da nisa. A yawancin waɗannan injuna tafiyarsa ba ta wuce santimita 8 zuwa 12 ba, saboda haka tebur ne ke zuwa wajen baki, gwargwadon kaurin aikin. Idan tebur ya maƙale a ƙasa, sai ka ga an tara guntayen katako da ƙarafa a kansa don a ɗago aikin, wani bisa wani, yaro ya dafe da hannu. Daga nan rami yake fara fita a karkace. Daga nan kuma baki yake cafke ƙarfe a daidai lokacin da zai ɓulla, ya fizge shi daga hannun yaron ya wulwula. Raunukan yatsu da ake samu a gindin injin huda, da yawansu tushensu tebur ne da ya daina motsi tun watanni, aka yi ta lallaɓawa. Shi ya sa nake ganin mai gyaran wannan sashe ya cancanci a yi maganarsa da kansa, ba a cusa shi cikin taron masu walda kawai ba.

Kokoro tana cikin gunduma ta uku ta Bangui, a gefen babbar kasuwar Kilomita Biyar, kuma tana da tata kasuwar. Faransawa suka kafa Bangui a 1889 a bakin kogin Ubangi, kuma tun zamanin mulkinsu fatake Hausawa da Barebari da Fulani suka riƙa gangarowa ta Adamawa da Ngaundere, daga baya mutanen Cadi da Senegal da Mali suka ƙaru, har wannan yanki ya zama cibiyar cinikin birnin. A nan kunnenka zai ji Sango da Larabcin Cadi da Fulatanci da Hausa da Faransanci a layi guda. Abin da ya fi shafar mai gyaran inji a tarihin wurin shi ne nisa. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Kusan duk wani ƙarfen da aka ƙera a masana'anta sai ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya hau babbar mota ya bi ta Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar, tafiyar kimanin kilomita 1,400, kafin ya iso. Hanyar kogi daga Brazzaville tana aiki ne lokacin da ruwa ya cika kawai. Da 'yan tawaye suka tare hanyar Kamaru daga Disamban 2020 zuwa farkon 2021, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka, kaya suka yi tsada a kasuwa. A gari irin wannan, wanda ƙaramar giyar injinsa ta karye ba ya tunanin aika wa kamfani. Sau da yawa ma babu kamfanin da za a aika wa, domin injin tsohon na Turai ne da ya girmi mai shi, ko kuwa na ƙasar Sin ne wanda sunan da ke jikinsa ba ya kai ka ko'ina.

Ga yadda abin yake aiki. A jikin ginshiƙi akwai wata doguwar sanda mai haƙora, a tsaye. Ba a like take ba. Ƙasanta yana zaune a cikin wani lanƙwasasshen gurbi a gindin ginshiƙi, samanta kuma wani zobe ne ya riƙe shi, don idan aka juya tebur hagu ko dama sandar ta bi shi ta zagaya. Tebur yana rataye a wani wuyan ƙarfe da ya rungumi ginshiƙi, a cikin wuyan kuma akwai ɗan akwati mai abu biyu: murɗaɗɗen sukuru mai kauri wanda hannun juyi yake murzawa, da ƙaramar giya da ke cizon sukurun ta gefe guda, tana cizon sandar haƙora ta ɗaya gefen. Duk zagaye ɗaya na hannu, giyar tana matsawa da haƙori ɗaya. Wannan jinkirin shi ne amfanin abin, domin shi ke sa yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ɗaga teburin da ya kai nauyin rabin buhun siminti da hannu ɗaya. Kuma sukurun yana iya juya giya, amma giya ba ta iya juya sukurun, saboda haka ko an saki hannu tebur ba ya zamewa ƙasa. A bayan wuyan akwai hannun ɗauri, wanda ake matsewa idan tebur ya kai inda ake so.

Hannun ɗaurin nan shi ne mafarin yawancin ɓarnar. Yaro ya zo da sauri, bai kwance ɗauri ba, ya kama hannun juyi ya ji ya ƙi, sai ya ƙara ƙarfi, wani ma ya zura bututu a hannun don ya samu tsawo. Ƙarfin da aka yi don ɗaga tebur sai ya koma kan haƙora biyu ko uku. Ko dai haƙoran giya su gutsure, ko sandar ta gantsare ta bar jikin ginshiƙi, ko ɗan sukurun da ya riƙe hannu ya zame ya cinye gurbinsa. Sauran ɓarnar ta yanayi ce. Daminar Bangui doguwa ce, ruwan da ake samu a shekara ya kai milimita 1,500, iska a jiƙe take, ginshiƙin da ba a shafa wa mai ba kuwa yakan yi tsatsa har wuyan tebur ya kama shi kam. Da rani jar ƙura ta shiga, ta haɗu da tsohon giris da ɓarɓashin ƙarfe, ta zama wani abu mai cin haƙora a hankali.

Gwanin gyara ba ya fara da guduma. Yakan fara murza hannun yana saurare, yana kallon sandar. Idan hannu yana juyawa sakayau ba tare da wani nauyi ba, ya san ɗan sukurun hannu ne ko fil ɗin giya, aikin rabin sa'a. Idan yana tafiya ya tsaya a wuri ɗaya kullum, haƙoran sanda ne suka lalace a daidai nan. Idan yana tsalle a kowane 'yan zagaye, haƙorin giya ne ya fita. Idan kuwa tebur yana hawa lafiya amma ya ƙi juyawa gefe, zoben sama ne aka matse da yawa ya danne sandar, sai a sassauta shi a bar ɗan sarari kaɗan. Na fi girmama wannan mataki a kan duk sauran, domin a nan ake gane mai gaskiya. Wanda ya ga matsalar ɗan sukuru ce ya faɗa wa mai inji haka, ya karɓi ɗan abin da ya dace, ya fi wanda zai wargaza inji gaba ɗaya don kuɗin aiki ya yi kauri.

Idan aiki ya kai ga kwancewa, abu na farko shi ne tokare tebur da gungumen katako ko jak ɗin mota, domin da zarar giya ta rabu da sanda babu abin da ke riƙe da shi sai ɗauri, ƙarfen da ya faɗo daga wannan tsawo kuwa ba ya barin yatsun ƙafa. Sannan a sauke kan injin, aikin mutum biyu ko uku, a cire zobe, a zare wuyan tebur tare da sandar ta saman ginshiƙi, a wanke komai da kananzir ko man dizal har ainihin ƙarfen ya bayyana. Sandar da ta gantsare ana miƙe ta a kan miƙaƙƙen ƙarfe, da matsi a hankali, ana yi ana dubawa. Ba a dukan haƙoranta kai tsaye.

Inda sana'ar take da zurfi shi ne wajen haƙora. Haƙoran giya ba a ido ake yin su ba, suna da lissafi, kuma lissafin iri biyu ne a duniya. Injunan Faransa da Jamus da yawancin na Asiya suna bin awon milimita, inda ake raba faɗin giya, a aune daga tsakiyar tsayin haƙora, da yawan haƙoranta a sami lambar da ake kira modul. Tsofaffin injunan Ingila da Amurka kuwa suna bin awon inci. A ido kusan ɗaya suke. Haƙoran modul 2 suna da tazarar milimita 6.28 tsakanin kowane biyu, makusancinsu a awon inci, mai lamba 12, yana da 6.65. Bambancin bai kai rabin milimita ba, amma giyar wannan ba za ta yi tafiya a sandar wancan ba, za ta hau haƙori uku ta cije. Saboda haka gwani ba ya auna haƙori ɗaya. Yakan auna tazara goma a jere, idan ya ga milimita 63 ya san inda yake, idan ya ga 66 da rabi ya san injin daga wata duniyar ya fito. Daga nan sauran lissafin yake fitowa. Giya mai haƙora 14 a modul 2, faɗinta na waje milimita 32 ne, zurfin kowane haƙori 4 da rabi. Akwai kuma wani tarko: a injuna da yawa haƙoran giyar da na sandar a ɗan karkace suke, don su dace da murɗin sukurun. Wanda ya yanka su a miƙe ya yi aikin banza.

Da yawa daga masu wannan aiki ba su zauna a aji an koya musu sunan modul ba, amma hannunsu ya san abin. Wani zai kai ɗanyen ƙarfe wajen mai injin sassaƙa a fitar masa da faɗin da yake so, ya haɗa shi da tsohuwar giyar a kan sanda ɗaya, ya bi sauran lafiyayyun haƙoranta yana zana sababbi, yana juyawa har da'irar ta cika. Sai zarto, sai magagari, haƙori bayan haƙori. Ya shafa baƙin hayaƙin fitila ko alli a sandar, ya gwada, ya ga inda ya goge, ya rage wurin, ya sake gwadawa. Yini guda yakan tafi a kan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Idan haƙori ɗaya ko biyu ne kawai suka fita, ba a sake giya. Ana huda ƙananan ramuka a tushen haƙorin, a dasa guntayen sukuru a matsayin ƙashi, a cika da narkakkiyar tagulla a wutar gas, sannan a gyara siffar da magagari. Tagullar tana narkewa a wajen digiri 900, ƙasa da zafin da zai narkar da giyar kanta, kuma tana da taushin da za ta ci kanta maimakon ta ci sandar, wadda ta fi wuyar samu.

Wuyan tebur kuwa, idan ya tsage, wata jarrabawa ce daban. Ƙarfen zubi ne, mai yawan gawayi a jikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma ba ya son zafin gaggawa ko sanyin gaggawa. Mai waldar da ya saba da ƙyaure da taga zai ɗauko sandar walda ta yau da kullum ya bi tsagar, ɗinkin ya fito da kyau a ido, kafin ya gama tattara kayansa a ji ƙas, sabuwar tsaga ta buɗe a gefen tsohuwar. Wurin kuma ya yi taurin da magagari ba ya kama shi. Wanda ya sani yakan huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta, ya binne ƙarfen a garwashin gawayi ya ɗau zafi ko'ina, sannan ya yi ɗinki gajere-gajere da sandar nikel mai tsada ko da tagulla, yana ɗan bubbugawa tun da zafinsa. Idan ya gama ya rufe shi da toka ko busasshen yashi ya kwana. A nan ne tsohon ilimin maƙera yake shigowa cikin aikin inji, domin sanin launin ƙarfe a wuta da haƙurin barinsa ya huce da kansa, abu ne da 'ya'yan maƙera suka gada tun kafin a kawo lantarki.

Ba kowane inji ne ke samun irin wannan gata ba. Wani lokaci sandar ta ɓace gaba ɗaya, ko mai inji ba shi da kuɗin aikin yini biyu. Sai a koma dabara. Ana kafa jak ɗin ƙaramar mota a gindin ginshiƙi ya riƙa tura tebur. Ana rataya nauyi a cikin ramin ginshiƙi da sarƙar babur a bisa ɗan gargare, yadda tebur zai yi sauƙin ɗagawa da hannu. Ana sa dogon sukuru mai kauri da noti a gefe. Mai ido ma yakan tuna cewa a birkin iska na manyan motocin da ke zuwa daga Duwala akwai wani hannun saiti mai ɗauke da murɗaɗɗen sukuru da giyarsa a ciki, waɗanda za a iya cirowa daga wanda ya mutu a yi amfani da su. Duk waɗannan ina ganin halal ne, matuƙar tebur zai hau ya sauka kuma ɗauri zai kama. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a like tebur da ginshiƙi da walda a ce an huta. Wannan kashe inji ne, kuma zafin waldar yakan ɓata ginshiƙin yadda ko an so gyara daga baya sai an sha wuya.

Lantarki ma yana da hannu a yadda sana'ar ta kasance. Wutar Bangui ta daɗe tana dogara da tashoshin ruwa na Boali a kan kogin Mbali, na farko tun shekarun 1950, na biyu daga 1976, kuma kamfanin lantarki na ENERCA rabon wuta yake yi unguwa-unguwa. Tashar hasken rana ta Danzi mai megawat 25, da aka buɗe a Nuwamban 2023, ta kawo sauƙi, amma har yanzu mai rumfa yana tsara yininsa ne bisa sa'o'in wuta. Idan ta zo, kowa yana son ya huda abin da ya tara, ba wanda zai yarda a kwance masa inji a lokacin. Mai gyara sai ya zama mutumin lokacin da babu wuta, kuma aikinsa ya dace da haka, tunda zarto da magagari da gawayi ba sa jiran ENERCA.

Ba za a yi maganar kowace sana'a a wannan yanki ba a tsallake rikicin da ya ɓarke daga 5 ga Disamban 2013. Musulmin Bangui, waɗanda suka haura dubu 100 kafin rikicin, suka ragu zuwa kimanin dubu 15, a takure cikin Kilomita Biyar, sauran suka nufi Cadi da Kamaru da wasu ƙasashe. Kiristocin unguwannin da ke gefe, har da Kokoro, da yawansu suka gudu zuwa sansanin filin jirgin sama na M'Poko, wanda ya taɓa ɗaukar kimanin mutum dubu 100. Gidaje suka rushe, aka kwashe kwanon rufi da ƙyamare. Fafaroma Francis ya zo babban masallacin Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamban 2015, mutane suka fara komowa sannu a hankali, sannan a ƙarshen Disamban 2019 faɗa tsakanin 'yan kasuwa da masu ɗauke da makamai ya sake ƙone shaguna. Injin da ya yi shekaru a rumfar da babu rufi, ko aka ja shi a ƙasa aka jefa a mota da gaggawa, abin da ke fara lalacewa a jikinsa shi ne abin da ya fito waje: hannun juyi, da sandar haƙora, da wuyan tebur. Sake gina gidaje kuwa yana buƙatar ƙyaure da taga da ƙarfen rufi, kowanne da ramukansa. Aiki ya ƙaru a daidai lokacin da masu iya shi suka ragu, domin gwanin da ya kafa rumfa a Garoua-Boulaï ko Njamena ya tafi da abin da ke kansa, yaransa kuma sun watse kafin su ƙware.

Wannan ne ya fi damuna. Akwai makarantar fasaha ta gwamnati a Bangui, akwai cibiyar koyon sana'a ta Don Bosco a Damala, suna kuma yin abin da za su iya. Amma gyaran tsohon injin da ba shi da takarda ba darasin allo ba ne, a gindin maigida ake koyonsa, shekara da shekaru, daga wankin ƙarfe da kananzir har ranar da za a miƙa wa yaro magagari a ce ya fitar da haƙori. Matashin yau yana ganin abokinsa ya hau babur ɗin haya ya dawo da kuɗi da yamma, shi kuwa an ce ya goge tsatsa. Masu injuna ma suna da laifi, domin sukan yi ciniki a kan girman ƙarfen da aka gyara, ba a kan yinin da aka kashe da sanin da aka zuba ba. Giyar da ba ta kai ƙwai girma ba, in an faɗi kuɗinta sai a riƙe baki, alhali ita ce ta dawo da injin da ke ciyar da rumfa guda. Muddin ana biyan mai gyaran haƙora kamar mai like bokiti, ba za a ga yaran da za su zauna su koya ba.

Idan an mayar da komai, gwani ba ya karɓar kuɗinsa sai ya yi gwaji biyu a gaban mai inji. Zai murza tebur daga ƙasa har sama ya dawo, ya juya shi hagu da dama a ga sandar tana bi ba ta cijewa. Sannan ya lanƙwasa guntun waya ya ɗaura a mazaunin baki, ya juya da hannu yadda bakin wayar zai zagaya saman tebur. Idan ta taɓa gaba ta bar baya, ko ta taɓa dama ta bar hagu, tebur bai daidaita ba, sai a sake saiti har ta shafi ko'ina daidai. Giris a cikin akwatin giya kawai ake sa shi. Ginshiƙi da sanda mai kaɗan suke so, a shafa a goge, don kada su tara ƙura. Wasu kan cire dogon hannun ɗauri su sa gajere, yadda ko yaro ya so ya matse fiye da kima ba zai samu ƙarfin tsaga wuyan ba, su kuma kira ƙaramin yaron rumfar, wanda shi ne zai fi kowa taɓa injin, su sa shi ya kwance ɗauri ya murza ya ɗaure da hannunsa a gaban maigidansa.